Yadda Na Goge Littafin Mai Ɗorin Aliero

Ni ne da laifi. Na faɗa tun daga farko domin kada wanda ya san ni a Jega ya ce na zo wanke kaina ne. Ba wutar lantarki ba ce, ba cutar kwamfuta ba ce, ba kuma taubashina na Maiyama da ya haɗa mini injin ba, ko da yake duk ukun sai da na ɗora musu, kowanne da ranarsa. Yatsana ne ya danna, bakina kuma ya yi wata uku yana rufa-rufa.

Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Abin da na iya shi ne buga tafireta. A wancan lokacin jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, kowa yana neman takarda bugaggiya: mai neman aiki, mai neman canjin wurin aiki, mai kai ƙara kan iyakar gona. Na kama ɗan shago kusa da tasha, na yi shekaru ina ƙwanƙwasa tafireta, har aka fara cewa takardar kwamfuta ta fi kwarjini a ofis. Sai na sayi kwamfuta ta gwanjo.

Taubashina ne ya zaɓo ta. Ɗan kawuna ne, ya girme ni, mai gyaran rediyo da talabijin a Maiyama, ya yi zaman Kaduna inda ya koyo taɓa kwamfuta. Da yake abokin wasana ne, bai taɓa kirana da sunana ba, sai “bawana”. Ranar da ya kawo ta, ya kwance murfin akwatin ya nuna mini wasu ƙarafa biyu masu faɗin tafin hannu, ɗaya bisa ɗaya. Su ne ma'ajiya, inda duk abin da aka rubuta yake zama. Yawancin kwamfutoci guda ɗaya gare su, wannan kuwa daga wani babban ofis ta fito.

Ya ce, “Bawana, buɗe kunnuwan nan naka. Waɗanga tagwaye na. Abin da duk ka rubuta ga wanga, nan take shina shiga ga wancan. In guda ya mutu, guda na nan.”

Na ce, “Rumbu biyu ke nan.”

“Rumbu biyu, amma hannu guda ka zuba, hannu guda ka ɗiba. Randa duk za ka yi mata wani babban aiki, aiko a kira ni in cire guda in aje gefe tukuna. Ka jiya?”

Na ce na ji. Amma gaskiya “in guda ya mutu, guda na nan” kaɗai ya zauna a kaina. Sauran maganar na bar ta a kan benci tare da sukundirebansa.

Tsohon da wannan labari ya shafa mai ɗori ne daga Aliero. Duk wanda ya taɓa karyewa a ƙasarmu ya san zaurensa. Wata ranar kasuwa ya shigo a buga masa wasiƙa, ya tsaya yana kallon yadda baƙaƙe ke fitowa a allo, yadda nake goge kuskure ba tare da an ga tabo ba. Da na gama bai tashi ba.

Ya ce, “Ɗana, abin ga shina riƙe magana mai yawa?”

Na ce, “Baba, ko shekara za ka yi kana faɗa, ba za ka cika ta ba. Kuma ma'ajiya biyu gare ta. Ko ɗaya ta lalace, ɗaya na nan.”

Da bakina na faɗi haka, ina dukan akwatin da tafin hannu kamar dillalin jaki.

Sai ya gaya mini damuwarsa. Ɗori a wurin mahaifinsa ya koya, da baki da hannu. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya direban motar albasa ne zuwa kudu, ɗaya yana fataucinta, babu mai haƙurin zama a zaure. Idonsa kuma ya fara hazo. Yana so a rubuta abin da ya sani da boko, ko wani jika zai taso ya nema.

Haka muka fara. Duk ranar kasuwar Jega kabu-kabu zai sauke shi a ƙofar shagona da hantsi. Da yake wuta ba ta da tabbas, sai na riƙa rubutawa da biro a littattafan makaranta, in an kawo wuta in buga. Ban ɓoye ba, aikin ya sha ba ni haushi. Tsohon ba ya tafiya a miƙe. Zai fara bayanin yadda ake bambance targaɗe da tsagewar ƙashi, sai ya ratse zuwa labarin wani mahauci da sa ya take, daga nan ya tuna da wata mata ta Jandutsi da ta faɗo daga kan jaki. In na karanta masa abin da na buga wancan mako, sai ya ce a'a, ba haka ya ce ba, alhali wallahi haka ya ce. In kuma baki ya kasa bayani, sai ya cafki hannuna.

“Kawo nan. Ka ji wanga ƙashi? To in ya goce, nan za ka danna.”

“Baba, da zafi!”

“Ai lafiya lau kake kana kuka. Rubuta.”

Amma abin da yake faɗa ba wasa ba ne. Yadda ake feƙe kara a jera a ɗaure, da yawan matsin da ya kamata, da alamar da za ka gani a farce ka san ɗaurin ya yi tsanani ka sassauta, da irin karayar da mai hankali ba ya taɓawa sai ya ce a wuce asibiti. Damina biyu muka yi a haka. Saura babi ɗaya, na ƙashin ƙugu, wanda ya ce sai a ƙarshe domin shi ne mai wuya. Bai yarda a fitar da komai a takarda ba, wai sai an gama ya saurara daga farko har ƙarshe.

Yanzu ga wautata ta farko. A gefen shagona akwai mai tsire. Al'adarmu da shi, duk takardar da ta lalace a wurina nasa ce, yana naɗe nama da ita, shi kuma in ya ga dama ya miƙo mini tsinke ɗaya ko biyu. Wata rana ina share shago na ga littattafan nan sun taru, sun yi ƙura, gara ta fara lasar na ƙasa. Na ce a raina, abin da yake cikin kwamfuta har wuri biyu, me zan yi da na uku? Na kwasa na ba shi. Har godiya ya yi mini, ya ce takardar makaranta ta fi jarida riƙe mai. Ƴan faya-fayan fulofi da na taɓa kwafe aikin a ciki, su ma na bi su na cika da wasiƙun neman aiki na mutane.

Wauta ta biyu ta fi. Wani malamin makaranta ya zo buga tambayoyin jarrabawa, ya leƙa allo ya yi tsaki, ya ce, “Har yanzu tsohuwar manhaja kake amfani da ita? A Birnin Kebbi duk sun koma sabuwa.” Babbar manhaja yake nufi, wadda ita ce ke tayar da kwamfuta take tafiyar da komai a cikinta. Tawa ba ta taɓa yi mini laifi ba. Amma tsakin nan ya tsaya mini a wuya. Mako bai zagayo ba na je Birnin Kebbi na sayo faifan sabuwar.

Na tuna da kashedin taubashina, kada a ce ban tuna ba. Lokacin babu wayar hannu, sai na ba wani direban Maiyama saƙo. Ya dawo ya ce taubashina ba ya gari, yana Gumbin Kure wajen yankan dawa, sai nan da kwana huɗu. Kwana huɗu! Faifan yana kan tebur yana ƙyalli. Washegari da safe aka kawo wuta mai ƙarfi, na ce ai in an bi ta taubashi, sai mutum ya tsufa bai yi komai da kansa ba.

Na zura faifai. Allo ya koma shuɗi, Turanci ya yi ta zuba, ina tsintar abin da na gane. Da aka zo wurin zaɓen ma'ajiya, sai na ga guda ɗaya kawai ta nuna. Nan na yi wani lissafi da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na ce, ashe ta biyun ɓoye take, faifan ma bai san da ita ba, to babu abin da zai same ta. Ban gane cewa an ɗaure su ne su zama ɗaya a idon injin ba. Ta ba ni zaɓi, in ɗora sabuwar a kan tsohuwa ko in yi fomat, wato in share komai in fara da tsabta. Na ji ana cewa fomat ya fi sa ta gudu. Na zaɓe shi. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Ta sake tambaya, har da gargaɗin cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na sake dannawa, har ina jin haushin yawan tambayarta.

Kafin azahar an gama. Allo ya fito da launi mai kyau, har da ɗan kiɗa. Na kira mai tsire da mai facin taya su zo su gani. Bayan sun watse na shiga neman ma'ajiya ta biyu domin in kwaso aikina. Na buɗe nan, na buɗe can. Babu. Na kashe na kunna. Babu. Na ce ƙila sai mai gyara ne ya san hanyarta, na ci gaba da aikin mutane a kanta har kwana huɗu, ina zuba sababbin takardu.

Taubashina ya iso da ƙaiƙayin dawa a hularsa. Tun daga ƙofa ya hango allon, ya tsaya.

“Wa ya taɓa ta?”

“Ni na sa. Kai dai buɗe mini ta biyun in kwashe kayana.”

Ya ɗora hannu biyu a ka. “Inna lillahi. Bawana, ka cire guda kahin ka hwara?”

“Ai ba ta ma nuna ta biyun ba.”

“Fomat ka yi?”

Na gyaɗa kai.

“Kai, Allah wadaran naka ya lalace! Mi na ce maka? Abin da anka yi ma wanga, shi a ka yi ma wancan! Ka share guda, ɗan'uwanshi ya bi shi. Ita tagwaitakar don in ƙarhe ya mutu da kainai ta, ba don maganin wawa ba!”

Na fara cewa ai shi ma bai yi mini bayani sosai ba. Ya nuna bencin da muka zauna ranar, ya ce in tambaye shi, ya fi ni riƙe magana. Duk da haka ya cire rigarsa, ya kwance akwatin, ya tafi da ma'ajiya ɗaya Maiyama. Bayan kwana biyu ya dawo da ita. Ya ce da na kashe injin tun ranar, da ƙila an tsamo da yawa, amma kwana huɗun da na yi ina rubutu a kai sun binne abin. Ya nuna mini abin da ya samu: guntayen layuka, rabin jimla a nan, tarkacen alamomi a can, sai shafi ɗaya da rabi cikakku, su ma labarin mahaucin da sa ya take ne.

Ya ce, “Tashi yanzu ka tai Aliero ka hwaɗa mishi. Tsohon na da rai, bakinai na nan. Ku sake.”

Na ce to. Ban je ba.

Wurin mai tsire na nufa. Na same shi yana barbaɗa ƙuli, na ce ina littattafan nan? Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai Jega ta cinye su tun watan jiya.” Na shiga tona buhun takardunsa kamar kaza, mutane suna kallo. Shafi bakwai na tsira da su, ba a jere ba, biyu mai ya jiƙa su har biro ya narke. Na bi bayan tasha ina ɗaga duk takardar da na gani a ƙasa da tsinke. Wani ɗan kamasho ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya kula da motarsa.

Ranar kasuwa tsohon ya zo da fara'arsa, ya ce yau za mu shiga ƙashin ƙugu. Ya ce in fara karanta masa inda muka tsaya. Na ce wuta ta yi wa injin illa, ana gyara, amma aikinsa na nan. Ya ce ba komai, ɗauko biro. Na zauna ina rubuta babin ƙarshe na littafin da babu shi.

Mako na biyu na ce wata cuta ce ta shiga kwamfutar. Ya yi mamaki ƙwarai, ya tambaya ko ana yi mata magani, na ce ana yi. Mako na uku na ce wanda ya haɗa mini ita ne bai san aikinsa ba. Wannan ƙarya ta fi ci mini rai, domin mutumin nan kwana biyu ya ajiye aikinsa saboda ni.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce ai ni na rubuta, ni na buga, zan iya sake shi daga kaina. Na yi kwanaki ina bugawa, inda na manta in cike da abin da ya yi kama. Da ya zo na ce injin ya warke, na fara karanta masa babin karayar dantse. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ban yi nisa ba ya buɗe.

“Tsaya. Maimaita.”

Na maimaita: a ɗaure da ƙarfi, kada a kwance sai bayan mako biyu.

“Wa ya hwaɗi haka?”

“Kai ka faɗa, Baba.”

“Ni? Ni na ce a bar ɗauri mako biyu ba a duba ba? Ɗana, in wani ya karanta wanga ya yi ma ɗan mutane, hannun ruɓewa za ya yi, sai an yanke! Ina maganar kumburi? Ina maganar duba farce?”

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, ƙofa a buɗe take. Sai na ji bakina yana cewa ƙila cutar nan ce ta hautsina layukan. Ya daɗe yana kallon injin, ya ce to a gyara da kyau, abin ga ba wasiƙa ba ne.

Daga ranar na fara gudunsa. Ranar kasuwa, ranar da na fi samun aiki, sai in rufe shago da hantsi in tafi bakin gulbi in zauna kamar marar sana'a. Mai tsire ya riƙa ba ni labari: tsohonka ya zo, ya zauna a dakali har azahar, ya tafi. Sau uku yana gaya mini haka. Taubashina ya daina yi mini wasa, kuma duk wanda ya san taubasantaka ya san wannan ya fi zagi. Kullum ina cewa mako mai zuwa zan faɗa masa, bari dai in samo yadda zan fara.

Sai aka yi kasuwa biyu bai zo ba. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma zan faɗa: daɗi na ji.

Wata safiya babbar mota shaƙe da albasa ta tsaya a bakin titi, direban ya sauko ya shigo. Ɗansa ne. Ya ce Baba ya faɗi a zaure kwana goma sha biyu da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Ya ce, “Abin da muka iya ganewa a bakinsa, littafi yake ta cewa. In an gama, a fitar a kai masa ya taɓa.”

Da ya fita na zauna na ƙirga. Daga ranar da na danna fomat zuwa ranar da ya faɗi, wata uku ne cif. Wata uku yana da bakinsa garau, yana hawa kabu-kabu yana zuwa da ƙafarsa. Da na faɗa masa tun makon farko, da ya yi faɗa, ƙila ya ɗaga mini sanda, sannan ya ce ɗauko biro. Da ba mu gama duka ba, amma da mun ceto mafi yawa, tunda karo na biyu ya fi sauri.

Ban buɗe shago ba washegari. Na buga babin ƙashin ƙugu na fitar da shi a takarda, na haɗa da shafi ɗaya da rabin nan da guda bakwai na wurin mai tsire. Abin da na ƙaga daga kaina kuwa na goge shi. Na hau motar Aliero.

An kwantar da shi a zauren da yake ɗori, a kan tabarma, an jingina shi da matashi. Kararen da ya feƙe suna jingine a lungu. Ƙaninsa yana zaune a gefe yana kore masa ƙuda. Da ya gan ni sai idonsa ya tafi kan ambulan da ke hannuna, ya miƙo hannun hagu. Na ba shi. Ya auna ta a tafinsa, ya ji rashin nauyinta, ya dube ni.

Ƙanin ya yunƙura zai ba mu wuri, na ce ya zauna, gara a samu wanda ya ji. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, “Baba, littafinka babu shi. Wannan da ke hannunka shi ne abin da ya rage. Ba wuta ba ce, ba cuta ba ce, ba mai gyara ba ne, shi ya ma gargaɗe ni na ƙi ji. Ni na goge shi da hannuna, don ina son a ce injina sabo ne. Littattafan da na rubuta da biro kuma na ba mai tsire. Abin da na karanta maka ran nan, ba maganarka ba ce, ni na ƙaga, na kuma ce kai ka faɗa. Ranakun da ka zo ka tarar da shago a rufe, ina gari, ɓuya na yi. Wata uku ina yi maka ƙarya lokacin da kake da bakin da za mu sake, wannan ya fi gogewar muni, na sani. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. In ka yarda, zan riƙa zuwa nan kullum da biro, ko kalma ɗaya ka iya fitarwa a yini zan jira ta, in ka nuna da hannu in rubuta in karanta maka. In kuma ba ka son ganina, ka yi gaskiya. Na ci amanarka, Baba. Don girman Allah ka yafe mini.”